Ɗan wa ne Mugun Morty? Fashin baƙi kan hasashen masoya Rick and Morty

Ranar 1 ga Afrilu, 2017, tashar Adult Swim ta Amurka ta saki kashin farko na zango na uku na katun ɗin Rick and Morty ba tare da ta sanar da kowa ba. Masoyansa sun yi kusan shekara ɗaya da rabi suna zaman jira, kuma da yake rana ce da Turawa suka ware don ƙaryar wasa, da yawa sun ɗauka tsokana ce, sai da suka kunna suka gani da idonsu.

A cikin wannan kashin, tsohon nan Rick, babban jarumin shirin, ya faɗi abubuwa biyu game da kansa. Na farko, an nuna shi yana matashi, wani Rick, takwaransa daga wata duniyar, ya zo masa da tayin fasahar tsallakawa tsakanin duniyoyi, shi kuma ya ƙi, ya zaɓi iyalinsa. Jim kaɗan aka jefo bam cikin garejinsa, matarsa Diane da 'yarsa Beth tana ƙarama suka mutu a gabansa. Mai kallo bai gama jimami ba Rick ya ce ai duk ƙarya ce, ya shirya ta ne don ya yaudari jami'in da ke binciken ƙwaƙwalwarsa. Na biyu, a ƙarshen kashin ya tsaya a kan jikansa Morty yana kumfar baki, yana cewa shi ba ramuwar gayyar wani iyali ke tafiyar da shi ba, burinsa kawai ya sake ɗanɗana wata miyar dangwale, miyar Sichuwan, da kamfanin abinci na McDonald's ya sayar na ɗan lokaci a 1998 don tallar fim ɗin Mulan.

Daga nan masu kallo suka rabu biyu. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, mutum ba ya ƙirƙirar irin wannan baƙin ciki daga iska, labarin Diane gaskiya ne Rick yake rufewa da wasa. Wasu kuwa suka kama zancen miya hannu bibbiyu. Kusan duk abin da ya faru tsakanin wannan shiri da masoyansa yana cikin wannan rabuwar.

Ga wanda bai san shirin ba, Justin Roiland da Dan Harmon ne suka ƙirƙire shi, aka fara nuna shi ranar 2 ga Disamba, 2013. Rick Sanchez masanin kimiyya ne, mashayi, mai baƙar magana, wanda ya dawo gidan 'yarsa Beth bayan ya ɓace kusan shekara ashirin. Yana da wata bindiga da ke buɗe koriyar ƙofa zuwa duniyoyin da ba su da iyaka, yana kuma jan jikansa Morty, ɗan shekara goma sha huɗu, zuwa wuraren da babu mai hankalin da zai kai yaro. A gida akwai Jerry mijin Beth, da Summer yayar Morty. Ya kamata in faɗa tun da wuri: katun ne amma ba na yara ba ne. Akwai zagi, akwai jini, akwai batsa, akwai izgili ga abubuwan da mutane ke girmamawa. Duk wanda ya ga zane ya miƙa wa ɗansa waya ya yi kuskure babba.

To me ya sa wannan shirin, ba wani ba, ya zama gonar hasashe?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma marubutan da kansu suka tsaga bangon tun a kashi na shida na zangon farko. Morty ya roƙi kakansa ya haɗa masa maganin farin jini don wata yarinya Jessica. Maganin ya haɗu da mura ya bazu, gyaran da Rick ya yi ya ƙara ɓata lamarin, har mutanen duniya suka rikiɗe suka koma dodanni. Maimakon ya tsaya ya gyara, Rick ya nemo wata duniyar inda takwarorinsu suka magance matsalar sannan suka mutu a hatsari. Shi da Morty suka haƙa rami a bayan gida, suka binne gawarwakin da suke kama da su sak, suka shiga falo suka ci gaba da zama da iyalin da ba nasu ba. Daga ranar babu sauran abin da mai kallo zai amince da shi ido rufe. Wane Rick muke kallo yau? Wannan Beth ɗin tasa ce? Wannan gidan shi ne na makon jiya?

Sai kuma jira. Daga ƙarshen zango na biyu a Oktoban 2015 zuwa waccan ranar ta Afrilu, wata goma sha takwas ne. Daga ƙarshen zango na uku a Oktoban 2017 zuwa farkon na huɗu a Nuwamban 2019, shekara biyu ce da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa jiran sabon zangon fim mai dogon zango ya san yadda hira ke cike gurbin. Bambancin shi ne su waɗannan suna da kasusuwa kaɗan a hannu da lokaci mai yawa, sai suka koma tsayar da hoto daƙiƙa bayan daƙiƙa a dandalin Reddit da YouTube, suna karanta rubutun da ke jikin bango da lambar da ke jikin takarda.

Wani lokacin wannan bin ƙwaƙƙwafi yana biya. A kashi na biyu na zango na biyu, Rick da Morty sun ajiye Jerry a wani gidan reno da aka gina musamman don Jerry-Jerry na duniyoyi daban-daban, aka ba su tikiti mai lamba 5126. A ƙarshen kashin, da aka zo ɗauka, wani Rick ya matso yana tambayar 5126, shi kuma Mortyn da muka bi tun ɗazu ya laluba bai ga tikitinsa ba. Suka yi musayar Jerry a tsaitsaye, kamar masu musayar takalmi a ƙofar ɗaki, kowa ya kama gabansa. Yawancin mutane dariya suka yi suka wuce. Masu lura kuwa suka ce an tafi gida da mutumin da ba shi ba. Shekara bakwai bayan haka, a kashin farko na zango na shida ranar 4 ga Satumba, 2022, wani kuskuren Rick ya mayar da duk mai tsallake duniyoyi zuwa duniyarsa ta asali, sai ga Jerry shi ma ya ɓace ya faɗa wani gidan. An tabbatar da musayar ke nan. Wannan shi ne irin hasashen da nake girmamawa, wanda ido ya haifa. Mai shi bai nemi komai daga labarin ba, ya dai ga abin da aka ajiye a gabansa.

Hasashen da ya fi kowanne cin lokacin mutane daban yake, kuma a kansa nake son in daɗe.

A Afrilun 2014, a kashi na goma na zangon farko, aka nuna wani birni a sararin samaniya inda dubban Rick suke zaune da Mortynsu, har da majalisar mulki. Wani Rick yana bi yana kashe 'yan'uwansa yana sace Mortynsu. A nan aka fara jin wata magana mai ɗaci: ashe amfanin Morty a wajen Rick shi ne motsin ƙwaƙwalwar yaron yana ɓoye na kakan, don kada maƙiya su gano shi. Garkuwa ce kawai mai numfashi. Bayan an kashe mugun Rick ɗin, aka buɗe kansa aka tarar da wayoyi, wato wani ne ke sarrafa shi daga nesa. Sai kyamara ta koma kan wani Morty mai baƙin ƙyalle a ido ɗaya, ya cire ƙyallen, ya take na'urar da ke jikinsa, ya cusa wayoyin cikin idonsa, ya saje da sauran yara. Bai ce uffan ba. Masoya suka raɗa masa suna Mugun Morty.

Shekara uku da wata biyar ba a sake ganin sa ba, sai ranar 10 ga Satumba, 2017, lokacin da wani Morty mai daɗin baki ya tsaya takarar shugabancin birnin, ya ci zaɓe, ya sa aka harbe manyan Rick ɗin da ke juya gwamnati a bayan fage, aka watsa gawarwakin a sararin samaniya.

A tsawon wannan jiran aka gina hasashen da kusan kowa ya yarda da shi: Mugun Morty shi ne jikan Rick na asali, wanda ya yasar. Kuma ba a banza aka gina shi ba. A waccan fitowa ta 2014, an haska abubuwan da ke ƙwaƙwalwar Rick a allo, har da inda yake ɗaukar Morty yana jariri, Rick ya zubar da hawaye. To mutumin da ya yi shekara ashirin ba ya gida, ina ya ga jaririn da yanzu yake shekara goma sha huɗu? A zango na biyu kuma an ga hoton Rick rungume da jariri a gidan amininsa Birdperson. Sannan Rick ya taɓa gargaɗin Morty cewa Mortyn da ya cika ji da kai yana jawo babbar matsala, ya ce zai yi masa bayani in ya girma. Aka haɗa waɗannan uku aka ce shi ke nan, akwai wani yaro kafin wannan, Rick ya rene shi, ya koya masa, ya watsar da shi, yanzu ya dawo ramuwa. Wasu ma suka zarce suka ce Rick ɗin kansa Morty ne da ya tsufa ya dawo baya, duk da cewa marubutan sun ajiye wani kwali a kan kantar gareji da aka rubuta wa kayan tafiya cikin lokaci, alamar sun jingine wannan hanyar.

Abin lura a nan shi ne tambayar da ake yi. Ba a tambayi me aka yi wa yaron nan ba. An tambayi ɗan wa ne. Tambaya ce da muka sani sarai: yaro ya yi fice, maimakon a duba abin da ya sha, sai a shiga neman gidan da ya fito, don zuciya ba ta son yarda cewa ɗan kowa zai iya. Masoya sun ga Morty mai wayon da ya kayar da Rick, suka ce ba zai yiwu ya zama gama-garin Morty ba, dole jininsa ya haɗu da na babban jarumi. A nan hasashen ya bar ido ya koma son zuciya.

Wannan son a zama na daban shi ne kuma ya ɓata sunan masoyan shirin a 2017. A shekarar ne wani rubutu ya yi ta yawo a intanet, mai cewa sai mai kaifin basira ne zai fahimci shirin. Ya zama abin ba'a, amma ya yaɗu ne don mutane sun san masu irin wannan tunanin. Akwai samarin da suka kalli Rick, tsoho mai kaɗaici wanda ya lalata duk wanda ya raɓe shi, suka ga gwarzon da za su kwaikwaya. Da aka ɗauki mata huɗu cikin marubutan zango na uku, wasu daga cikin irin waɗannan suka far wa Jane Becker da Jessica Gao da zagi, har suka wallafa bayanansu na sirri. Dan Harmon ya fito a Satumban shekarar ya ce yana ƙyamar masu wannan hali, ya kuma tunatar da su cewa kowane kashi aikin taron marubuta ne, ba na wanda sunansa ya fito a allo kaɗai ba. Kashin da Gao ta rubuta, wanda Rick ya mayar da kansa kokwamba don ya guje wa zuwa wajen likitar da ke sasanta matsalolin iyali, shi ya ciyo wa shirin kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 2018. A ƙarshensa likitar ta gaya wa Rick a fuskarsa cewa yana fakewa da basirarsa ne don gudun aikin gyara kansa, aikin da ba shi da armashi, sai dai a yi ta yi kullum kamar wanke baki. Riguna da kofuna aka cika da hoton kokwambar. Maganar likitar kuwa, wadda ita ce zuciyar kashin, ba ta samu rabin wannan kasuwar ba.

Sai ranar 7 ga Oktoba, 2017. McDonald's ya ce zai dawo da miyar na yini ɗaya a wasu shagunansa na Amurka. Abin da aka kai bai taka kara ya karya ba, jama'a kuwa sun yi dogayen layuka, wasu sun yi tafiyar sa'o'i. Da miya ta ƙare aka shiga ihu ana yi wa ma'aikatan kanta tijara, a wasu wuraren sai da aka kira 'yan sanda. An bar jaki ana dukan taiki, domin mai miƙo abinci ta taga ba shi ya yanke yawan abin da za a kawo ba. Kamfanin ya ba da haƙuri, a Fabrairun 2018 ya fitar da ƙulli miliyan ashirin. Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne cewa miyar ita ce ƙaryar. Ita ce mayafin da Rick ya ja ya rufe ciwonsa, kuma mayafin aka yi wa layi.

Marubutan ba su ji daɗin wannan matsin ba, kuma sun nuna. A watan Mayun 2018 aka ba su kwangilar kashi saba'in, suka samu natsuwar yin abin da suke so. A Mayun 2020 suka fitar da wani kashi da ke gudana cikin jirgin ƙasan labari, inda aka nuno Mugun Morty da rundunarsa a shirye don babban yaƙin da masoya ke mafarki, sannan aka nuna cewa duk abin wasan yara ne da Morty ya sayo a shago. A ƙarshen zangon kuma suka taɓo wata tsohuwar muhawara, wato ko Beth da ke gida ita ce ta gaske ko kwafinta ce da Rick ya haɗa. Amsar ita ce Rick da kansa ya cakuɗa su biyun don kada ya sani. Wannan ta biyun ta burge ni, domin ta mayar da tambayar kan rashin kirkin uban. Ta jirgin ƙasan kuwa ina ganin akwai rashin adalci a ciki. Wanda ya ajiye lamba a jikin tikiti, ya sa jariri a allo, shi ya gayyaci mutane su yi bincike. Bai dace ya dawo yana yi musu dariya don sun amsa gayyata ba.

Ranar 5 ga Satumba, 2021, a kashin ƙarshe na zango na biyar, aka buɗe tukunya. Labarin Diane gaskiya ne. Rick ya yi shekaru yana farautar wanda ya kashe masa iyali, ya kashe Rick ba adadi bai same shi ba, ya gaji, ya je ya tare a gidan wata Beth da nata uban ya gudu ya bari. Waɗanda suka ƙi yarda da musun da Rick ya yi a 2017 sun yi daidai bayan shekara huɗu. Aka kuma ji abin da Mugun Morty yake nema. Ashe su Rick sun gina katanga sun keɓe duniyoyin da Rick ne ya fi kowa basira a cikinsu, sun raba su da sauran, suna kuma haɗa auren Beth da Jerry da gangan don a yi ta haifa musu Morty. Duniyar da ake cewa ba ta da iyaka ashe shinge ce da wani tsoho ya kewaye kansa da ita don kada ya taɓa haɗuwa da wanda ya fi shi. Yaron ba mulki yake so ba, ba kuma ramuwa ba. Fita yake so. Ya rusa birnin, ya hallaka Rick da Morty masu ɗimbin yawa don ya samu hanya, ya fasa katangar ya wuce. Kafin ya tafi ya gaya wa Mortynmu cewa in dai ya taɓa gajiya da kakansa, to shi ma mugun ne.

Shekara ta zagayo aka ƙara wani bayani da ya kife tsohon hasashen gaba ɗaya. Mai alaƙar jini da babban maƙiyi ba Mugun Morty ba ne, Mortynmu ne. Kakansa na asali shi ne Rick Prime, wanda ya kashe Diane, kuma Rick ya zaɓi gidan ne da fatan wata rana mai gidan zai dawo ya kama shi.

Kafin a kai ƙarshen wannan zaren, shirin ya shiga wani hali a waje. A Janairun 2023 labari ya fito cewa ana tuhumar Justin Roiland, wanda a lokacin ke yin muryar Rick da ta Morty duka, da laifin cin zarafi a cikin gida a jihar Kalifoniya. Adult Swim ta raba gari da shi a watan. A Maris masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar saboda rashin isassun hujjoji, amma bai koma ba. Da zango na bakwai ya fara ranar 15 ga Oktoba, 2023, Ian Cardoni ne ke yin Rick, Harry Belden kuma Morty. Masu kunnen da suka saba tsayar da hoto suka koma auna numfashi da gyatsa, wasu suka ce ba su ji bambanci ba, wasu suka ce shirin ya mutu.

Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce, a kashi na biyar na zangon, aka nuna asalin Mugun Morty cikin 'yan mintuna. Ba ɗan kowa ba ne. Wani Morty ne cikin dubbai, da wani Rick cikin dubbai, wanda ake ja zuwa wahala kullum ana zaginsa. Wata rana ya yi ƙorafi, kakan ya ce in ya gaji ya bari mana. Yaron ya kawo masa giya, ya jira ta kama shi, ya ɗaura ƙyallen a ido ya mayar da shi abin sarrafawa. Shi ke nan.

Wasu masoyan sun ji kamar an cuce su, shekara tara ana jira a ƙare da wannan. Na fahimce su, musamman da yake amsar ba ta bi ta kan hoton jaririn nan ba, wanda shi ne ginshiƙin hasashensu. Amma a ganina amsar ta fi hasashen nauyi nesa ba kusa ba. Da a ce shi jikan Rick ne na musamman, da matsalar ta tsaya a gida ɗaya, tsakanin mutum biyu. Da yake shi ba kowa ba ne, laifin ya hau kan tsarin gaba ɗaya, kuma kowane yaro da ke cikin wancan birni yana iya zama shi in aka ƙure shi. Wannan bai wanke shi daga jinin da ya zubar ba, domin yaran da ya taka ya wuce irin wahalarsa suka sha.

A cikin wannan kashin dai, a tsakiyar zango ba a ƙarshensa ba, Rick ya cim ma Rick Prime. An bayyana cewa mutumin bai tsaya kan Diane ɗaya ba, ya ƙera makamin da ya shafe ta daga kowace duniya, shi ya sa duk yawon Rick bai taɓa cin karo da wata ba. Mugun Morty ne ya kayar da shi, ya kwashe sirrin makamin daga ƙwaƙwalwarsa don kada kowa ya sake damunsa, ya bar shi ɗaure a kujera. Rick ya shiga ya yi ta dukansa da hannu har ya mutu. Ya fito jina-jina, ya koma gida, iyali suna ta hirarsu a teburin abinci, shi kuma yana zaune ya zuba ido ba ya ganin kowa. Waƙar da aka sa a lokacin ita ce wadda aka sa a 2014, ranar da Morty ya binne gawar da ke kama da shi ya shiga falo ya zauna.